Balzac da Butar Gahawarsa

A cikin marubutan duniya da wuya a sami wanda sunansa ya haɗu da gahawa kamar Honore de Balzac, mutumin Faransa, wanda aka haifa a garin Tours a shekarar 1799, ya rasu a birnin Paris a 1850. Masu ba da labari sukan ce kofi hamsin yake sha kullum, kuma wai gahawar ce ta kashe shi yana da shekara 51 kacal. Maganar kofi hamsin ƙarin gishiri ne na 'yan labari. Amma zargin kisan ya kamata a tsaya a duba shi, musamman mu da muke raba dare da alƙalami a hannu.

Tun kafin a haifi Balzac ake tuhumar gahawa. Sufaye na ƙasar Yaman ne suka fara shahara da shan ta a ƙarni na 15, don su kori barci su raya dare da zikiri. Daga wajen Larabawa ne ma muka aro sunan. A shekarar 1511 wani hakimin Makka mai suna Kha'ir Beg ya tara malamai, aka kawo likitoci biyu suka ba da shaida cewa tana cutar da jiki, aka hana ta. Hanin bai daɗe ba. Zuwa 1669 jakadan Daular Usmaniyya ya riga ya ɗanɗana wa manyan Paris ita, kuma a 1686 aka buɗe gidan shan gahawa na Procope, inda marubuta suka riƙa taruwa.

To, me ya jefa Balzac cikinta? Bashi ne. Iyayensa sun so ya zama lauya, shi kuwa ya ce sai rubutu. Da rubutun ya ƙi kawo kuɗi sai ya shiga harkar ɗab'i, ya sayi injin buga littattafai, har da masana'antar ƙera baƙaƙe. A 1828 komai ya rushe, ya tashi da bashin da bai gama biya ba har ya bar duniya, don kuwa shi mutum ne mai son kayan ƙawa, ana cike rami yana haƙa wani. Hanya ɗaya ta rage masa, wato ya yi ta rubutu ya sayar. Cikin shekara ashirin ko ƙasa da haka ya rubuta littattafai da gajerun labarai wajen 90, waɗanda ya haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya, La Comedie humaine, da mutane sama da 2,000 a ciki.

Shi da kansa ya bayyana yadda yake aiki a wasiƙunsa. Da ya ci abincin yamma, wajen ƙarfe shida ko bakwai, sai ya kwanta. Ƙarfe ɗaya na dare a tashe shi, ya zura doguwar farar riga irin ta 'yan zuhudu, ya kunna kyandir, ya duƙufa har ƙarfe takwas na safe. Sai ya ɗan runtsa, ya tashi ya koma kan gyaran abin da maɗaba'a ta aiko, har la'asar. Gyaransa kuwa sai da ya zama abin tsoro ga ma'aikatan ɗab'i, domin shafi ɗaya yakan koma hannunsa sau da yawa, ya dawo cike da gyare-gyare kamar sabon rubutu. (Masu kai littafi maɗaba'a ba su sake karanta shi ko sau ɗaya ba, ga abin koyi.) Gahawa ce ke riƙe da shi a duk wannan lokaci. Abokinsa Leon Gozlan ya ce iri uku yake haɗawa, na Bourbon da na Martinique da na Moka, kowanne da kantin da yake sayo shi, ko da zai ratsa gari a ƙafa.

A 1839 ya fitar da wata maƙala a kan abubuwa masu motsa jiki, irin su giya da taba da shayi da gahawa. Abin da ya burge ni a cikinta shi ne bai yaudari kansa ba. Ya lura cewa ƙarfin gahawa yakan ragu bayan mako biyu ko uku, sai an ƙara mata kauri. In haka ta gaza, sai a niƙa ta lukui, a sa ruwa kaɗan, a haɗiye ba tare da an ci komai ba. Ya kuma faɗi sakamakon: ciwon ciki, da saurin fushi, da yawan gardama. Ya ba da labarin wani aboki siriri da ya gwada wannan dabara, kashegari ya kwanta yana zaton guba ya sha.

Abin da Balzac ya gani a jikinsa, masana sun gano dalilinsa daga baya. Tun 1819 wani Bajamushe, Runge, ya ware sinadarin kafin daga 'ya'yan gahawa, wanda shi ne dai ke cikin goronmu da ganyen shayi. Yayin da mutum yake a farke, wani sinadari da ake kira adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sanar da jiki cewa an gaji. Kafin yakan je ya toshe inda wannan saƙo yake sauka. Gajiyar tana nan daram, labarinta ne kawai ba ya isowa. Da jiki ya saba sai ya nemi ƙari, kamar dai yadda ya rubuta. Bugu da ƙari, sai an yi wajen awa biyar kafin rabin abin da aka sha ya bar jini, saboda haka ko ɗan barcin da yake samu ba lallai ne ya yi nauyi ba.

Ita gahawar kanta fa? A nan hukunci ya yi ta sauyawa. A 1991 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ake zaton za su iya haddasa sankarar mafitsara. A 2016 ta janye wannan, ta ce abin lura shi ne shan kowane abu da zafinsa ya wuce digiri 65, saboda maƙogwaro. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 na kafin a yini, wato kimanin kofi huɗu, ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. An kuma tabbatar cewa gahawar da ba a tace ba tana ƙara kitsen jini da ake kira kolestirol, kuma yawan kafin yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, ya sa zuciya bugawa da sauri. Voltaire, wani marubucin Faransa da shi ma ya shahara da son gahawa, sai da ya kai shekara 83.

A ganina, in za a yi adalci, laifin ya fi rataya a wuyan irin aikin da Balzac ya ɗora wa gahawar. Mutum ne mai ƙiba, yakan zauna awa goma sha biyar wuri ɗaya, masu bin bashi na ƙwanƙwasa ƙofa, in ya gama littafi kuma ya zauna ya ci abincin mutum da yawa a zama ɗaya. Likitansa, Nacquart, ya danganta rasuwarsa da tsohon ciwon zuciya wanda aikin dare da yawan gahawa suka tsananta. Abu biyu ya ambata, ba ɗaya ba.

A watan Maris na 1850 ya auri Madam Hanska, wata mai dukiya 'yar Folan da suka shekara kusan goma sha takwas suna musayar wasiƙu. Lokacin numfashi ya riga ya fara yi masa wuya, idanunsa sun raunana, ƙafafu sun kumbura. Ya rasu ranar 18 ga Agusta, wata biyar bayan auren, sa'o'i kaɗan bayan Victor Hugo ya je duba shi. Gidan da ya zauna a unguwar Passy daga 1840 zuwa 1847, da sunan aro da kuma ƙofar baya ta gudun masu bin bashi, an mai da shi gidan tarihi. A can aka ajiye teburinsa da butar gahawarsa ta tangaran, mai ɗauke da baƙaƙen farko na sunansa.