Alhaji Isyaku Ibrahim da zamanin da ƙungiya ke da mai ita

Duk wanda ya yi hidimar ƙungiyar unguwa a Doma ya san inda kuɗin mota da na riguna ke fitowa. Daga aljihun mutum ɗaya suke fitowa, wani mai shagon kayan gini ko dillalin doya da riɗi da son ƙwallo ya kama. Mu da muka daɗe a wannan harka mun gaji tsarin ne, kuma wanda ya kai shi ƙololuwa a yankinmu shi ne Alhaji Isyaku Ibrahim, ɗan Wamba, attajirin da ya ɗauki nauyin Mighty Jets ta Jos.

Yaran yanzu kan tambaya, ina ruwan Doma da ƙungiyar Jos? Ai lokacin da aka kafa Jets a 1970, Doma da Lafia da Wamba da Jos duk jiha ɗaya ce, Binuwai-Filato. Bayan rabuwar 1976 ma muna cikin Filato, sai a 1996 aka ba mu Nasarawa. Saboda haka idan dattijo a nan ya ce "ƙungiyarmu", Jets yake nufi.

Alhaji Isyaku ya tara 'yan wasa ba tare da ya tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, a daidai lokacin da aka fito daga yaƙin basasa, zukata ba su gama hucewa ba. Ga Isma'ila Mabo a baya, ga Baba Otu Mohammed a gefen dama, ga 'yan gidan Atuegbu, ga Layiwola Olagbemiro. Sama da kowa kuma akwai Sam Garba Okoye, wanda ya buga wa Najeriya a wasannin Olamfik na 1968 a Meziko. Da waɗannan mutane Jets ta ɗauki kofin gasar ƙasa ta farko a 1972. Duk lokacin da aka jera zakarun Najeriya, sunanta ne a layin farko.

Abin da ke ci wa tsofaffin magoya baya rai har yau shi ne kofin ƙalubale na wannan shekarar. A wasan ƙarshe a Legas, Bendel Insurance ta sa biyu, mutane sun fara cire rai, sai Sam Garba ya farke duka biyun dab da tashi. Rigima ta ɓarke kan ƙwallo ta biyu, aka mai da wasan Ibadan, Bendel ta ci 3 da 2. A 1974 Jets ta sake zuwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta hana ta. Sai a 1999 Plateau United ta kai wannan kofi Jos. Sam Garba bai ga ranar ba. Ya rasu a hatsarin mota a 1978 a kan hanyar Lafia zuwa Akwanga, hanyar da muke bi da yaranmu idan za mu wasa.

Na ji masu cewa attajirai suna neman suna ne da ƙwallo don su shiga siyasa. Gaskiya ne Alhaji Isyaku ya yi fice a NPN zamanin Shagari, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa PDP a 1998. Amma wanda ya taɓa biyan kuɗin asibitin ɗan wasan da ya karye ya san akwai hanyoyin neman suna da suka fi wannan araha nesa ba kusa ba. Ɗan wasa a ƙungiyar attajiri ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan matarsa ta haihu. An ci su, mai ƙungiya ba ya barci. Illar tsarin ita ma a fili take: ranar da kasuwa ta juya ko hankalin maigida ya koma wani wuri, ƙungiya ta shiga uku. Ƙungiyoyin masu kuɗi irin su Abiola Babes da Leventis United sun watse suna kan ganiyarsu, Jets kuma ta shafe shekaru tana fama a ƙananan rukunai.

Nasarawa United da aka kafa a 2003 ta gwamnati ce, kuma muna sonta. Ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa, wato tsohon kofin ƙalubale, a 2016 da 2021, bugun fenareti ya raba ta da shi duka biyun, na farkon a hannun ƙungiyar wani attajiri, Ifeanyi Ubah. Kuɗin gwamnati ya fi na mutum ɗaya daɗewa, wannan ba gardama. Sai dai a yawancin ƙungiyoyin jihohi shugaba naɗaɗɗe ne, yana zuwa da gwamna ya tafi da gwamna, haƙƙin ɗan wasa kuma sai takarda ta bi ofis-ofis. Shi ya sa har gobe, idan muka ga yaro mai ƙafa a filin makaranta a Doma, gidan mai shago muke fara zuwa neman kuɗin takalminsa.