Birnin Kano Cikin Tsofaffin Hotuna

Wanda ya zauna ya duba tsofaffin hotunan birnin Kano na zamanin Turawa, abin da zai fara gani shi ne ganuwa. Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato, suka naɗa Sarki Abbas. Masu ɗaukar hoto na lokacin ba su da abin da ya burge su kamar badala da ƙofofinta, da dutsen Dala, da ramukan marinar Ƙofar Mata. A cikin hotunan nan ganuwa tana tsaye da tsawonta, jakai da raƙuma suna shiga ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya, don ƙofar ba ta ɗaukar biyu.

Daga nan sai hotuna suka fita bayan gari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, har aka shiga jera buhuna ana yin dala kusa da tasha, aikin da sunan Alhasan Ɗantata ya shahara a kansa. A 1925 kuma abu biyu suka auku: jiragen sama uku suka sauka daga Masar, ɗan Sarkin Ingila kuma ya zo aka yi masa hawan daba, sarakuna suka taru da dawakinsu da 'yan lifida.

To, amma mu ma'aikata, hoton da ya kamata mu daɗe a kansa shi ne na aikin ruwa da lantarki, wanda aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Allah ya jiƙansa. Daga kogin Challawa aka jawo ruwan nan zuwa birni. Kuɗin aikin kuwa daga Beitulmalin En'e ya fito, watau harajin talakawa da jangalin Filani, waɗanda dagatai da hakimai suka tara, malamai suka rubuta, Ma'aji ya ƙirga. Mai duban hoton zai ga Razdan da injiniya a tsakiya, Sarki kusa da su, sunayensu a rubuce a ƙasa. Malaman ofis da magina da leburorin da suka haƙa ramin famfo suna can gefe, wani rabin fuskarsa kaɗai ya shiga, ba wanda ya rubuta ko su wane ne. Haka majigi yake. Fina-finan da Gwamnati ta riƙa yawo da su a mota tana nunawa a fili da dare, na tsabta da noma da hawan sarakuna, da idon Bature aka ɗauke su, abin da ya so a gani shi ya nuna.

Duk da haka ba mu raina su ba, gama sun riƙe mana abin da ƙasa ta cinye. Tsohon Masallacin Jumu'a na ƙasa, da hasumiyarsa, an rushe shi aka gina sabo wanda aka gama a 1951. Yau sai a hoto ake ganinsa. Dalar gyaɗa ta tafi, En'e kanta an shafe ta a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi. Saboda haka muna roƙon duk wanda ya gaji hoto a akwatin mahaifinsa, ya kai wa dattawan da suka rage su duba, su faɗi sunayen mutanen da ke gefe, a rubuta a bayan hoton da shekararsa.