Rawar Akwatin Gawa: Tarihin Wata Ba'a da Ta Zaga Duniya

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda gajeren bidiyo kan tashi daga labari ya koma abin da ake kira mim, wato hoto ko bidiyon da jama'a ke ta kwaikwaya suna sauya masa kama don raha. Masanin halittu Richard Dawkins ne ya ƙago kalmar a 1976, tun intanet ba ta game duniya ba, yana nufin duk wani yanki na al'ada da ke yaɗuwa ta hanyar kwaikwayo. Misalin da za mu ɗauka shi ne na masu rawa da akwatin gawa a ƙasar Ghana.

A wurin al'ummomi da dama na kudancin Ghana, jana'izar dattijo biki ce ta karrama mamaci, ana kashe mata kuɗi, ana kiɗa. A cikin wannan al'ada ne Benjamin Aidoo, mutumin Prampram da ke kusa da Accra, ya kafa ƙungiyar Nana Otafrija. Matasa ne masu shigar kwat da farar safar hannu, sukan saɓa akwatin a kafaɗa su taka rawa da shi har kabari, in dangin mamaci sun nema. A 2017 BBC ta yi rahoto a kansu. Mutane suka kalla, suka yi mamaki, aka wuce wurin. Wannan shi ne yaɗuwa, amma bai kai ga zama mim ba tukuna.

Abin ya sauya a ƙarshen Fabrairun 2020, sa'ad da aka fara ganin bidiyon a TikTok da sabon haɗi. An cire sautinsa na asali, an ɗora masa kiɗan Astronomia, wanda makaɗin Rasha Tony Igy ya fitar a 2010, 'yan Holan biyu da ake kira Vicetone kuma suka sabunta shi a 2014. Sannan aka liƙa masa wani bidiyon a gaba: ga mutum yana wasan zamiya a kan ƙanƙara, ko yana ganganci da babur, kiɗan yana tasowa a hankali. Daidai lokacin da zai sha ƙasa, sai a yanke, sai ga 'yan Ghana suna rangaji da akwati.

A ganina, a wannan yankewar ne hikimar take. Ba a nuna faɗuwar, ba a kuma faɗi cewa mutumin ya mutu. Mai kallo ne ke cike gurbin da kansa, dariyar kuwa ladan ganewarsa ce. Masu nazarin adabin baka sun san irin wannan dabara a karin magana, inda mai magana kan ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta" ya yi shiru, mai sauraro ya ƙarasa. Bambancin shi ne, a nan tsakiyar zancen aka ɗauke. Haka kuma ginin ya kasu biyu: rabin ƙarshe tabbatacce ne, rabin farko kuwa fili ne da kowa zai zuba abin da ya ga dama, ko ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa, ko ƙungiyar ƙwallon da aka lallasa. Duk mai wayar hannu zai iya haɗa nasa cikin 'yan mintoci.

Sai dai kuma zamani ya taimaka. Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, mutane suka kulle a gida, mutuwa ta zama labarin kullum. Nan take ba'ar ta rikiɗa ta zama gargaɗi. A Barazil aka kafa allunan talla da hoton matasan, ana cewa mutum ya zauna a gida ko kuwa ya yi rawa da su. A Peru da Kolombiya da Indiya 'yan sanda suka saɓa akwati suna kwaikwayon rawar a kan titi, don tsoratar da masu karya dokar kulle. Ke nan, cikin 'yan makonni rawar ta yi ma'ana uku: karramawa, izgili, sannan wa'azi, alhali takun ƙafar bai sauya ba.

Su masu rawar fa? A watan Maris ɗin nan gwamnatin Shugaba Akufo-Addo ta hana tarukan jama'a, ta ƙayyade masu halartar binnewa kada su wuce 25, don haka sana'arsu ta tsaya cik a daidai lokacin da sunansu ya cika duniya. Aidoo bai yi jayayya da sabuwar ma'anar ba. Shi da mutanensa suka fitar da nasu bidiyon suna gode wa likitoci, suna maimaita gargaɗin nan na zama a gida. A Afrilun 2022 kuma aka yi gwanjon shaidar mallakar bidiyon rawar a intanet, aka saye ta a kan kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 1.