Ranar da Wasa Ya Zama Gaske: Tarihin Wani Fim na Kyanwa da Ɓera da 'Yan Kallonsa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Ajingi. Ran nan da la'asar sakaliya na biya ta wani shago da ake cajin waya a bakin kasuwa, sai na tarar da samari sun yi cincirindo a kan wata 'yar waya, ana ta musu kamar za a ba hammata iska. Na zaci zancen ƙwallo ne ko na siyasa. Da na leƙa sai na ga ashe fim ɗin nan ne na zane, na kyanwa da ɓera, wato Tom da Jerry. Mai wayar ya rantse da girman Allah cewa wannan shi ne kashi na ƙarshe, wai a cikinsa ne su biyun suka zauna a kan hanyar jirgin ƙasa suka hallaka kansu saboda mata sun yaudare su.

Nan fa aka rabu gida uku. Wasu suka ce ai laifin mata ne, har a cikin dabbobi kuɗi suke bi. Wasu suka ce Tom ne wawa, da ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa. Wani dattijo kuwa, tela, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya ɗaga kai daga kan keke ya ce, "Yara, ku bar ganin laifin dabbobin nan. Wanda ya zana su shi ya ɓata wasan."

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi sawun maganar dattijon nan. Za mu duba yadda mutanenmu suka koyi kallon hoto mai motsi, da tarihin shi wannan fim, da dalilin da ya sa kashi ɗaya tak daga cikinsa ya tayar wa 'yan kallo hankali, sa'an nan mu ga ko labarin da ake bazawa gaskiya ne.

Yadda Muka Koyi Kallo

Kafin zuwan Turawa, dandalin ban dariyar Bahaushe shi ne tatsuniya da tashe da wasan 'yan kama. A ƙasar Gaya, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, yaro yakan buɗe ido ne ya tarar da Gizo da Ƙoƙi a bakin kakarsa. Abin lura a nan shi ne, mai sauraron tatsuniya ba ya zama shiru. Shi ne ke ba da izinin a fara, yakan amsa waƙa, in kuwa mai ba da labari ya kauce daga yadda aka san ta, nan take za a gyara masa.

Hoto mai motsi ya shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce gidajen silima na birni, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Waɗannan ba su yi farin jini wurin dattawa ba, balle bayan gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum fiye da 300. Ƙofa ta biyu, wadda ita ce ta shafi mutanen karkara irinmu, ita ce majigi. Motar gwamnati kan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili ko a ƙofar fada, a tayar da inji, a nuna finafinan tsabta da noma da biyan haraji. Daga cikinsu tsofaffi ba su manta da Baban Larai ba. Don a jawo jama'a, akan haɗa da gajerun finafinan ban dariya irin na Charlie Chaplin, kuma har gobe 'yan kallonmu kan kira mai ban dariya a fim da suna cali.

Akwai mutum guda a majigi da ya kamata mai karatu ya riƙe shi a zuciya, domin za mu sake komowa kansa. Shi ne mai bayani, wanda ke riƙe da lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da hoton yake nufi. Abin da ya faɗa shi ne fim ɗin, ko da kuwa ya ƙara gishiri.

Bayan majigi sai talabijin. An buɗe ta Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, sa'an nan gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kawo CTV a Kano a farkon shekarun 1980. Ta wannan akwati ne aka san Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero, ta nan ne kuma katun ya shiga gidaje a lokacin shirin yara. Da zamanin kaset ya zo, aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, sai maƙwabcinmu na Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, ya riƙe tutar ban dariya har ya rasu a watan Disamba na 2014. Yanzu kuwa farin ƙyallen majigi ya ƙanƙance ya koma tafin hannu.

Asalin Kyanwa da Ɓera

Mutum biyu ne suka ƙago wannan wasa a kamfanin MGM na Amurka, William Hanna da Joseph Barbera. Fim ɗinsu na farko ya fito a 1940, a lokacin ma sunan kyanwar Jasper. Daga 1940 zuwa 1958 sun yi gajerun finafinai 114, yawancinsu ba su fi minti bakwai ko takwas ba, kuma sau 7 suna cin lambar Oscar. Tun asali don gidajen silima aka yi su, manya da yara su kalla kafin a sa babban fim. Daga baya ne talabijin ta ɗauke su ta mayar da su abincin yara zalla.

Me ya sa suka karɓu a ƙasar Hausa haka? Dalili na farko shi ne kusan ba su magana, saboda haka yaron da ke Toranke ko Balare ba ya bukatar tafinta kafin ya yi dariya. Na biyu, Jerry ɗan'uwan Gizo ne ta wajen hali, ƙaramin da ke cin babba da wayo. Na uku kuwa, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne zamansu ya yi kama da wani abu da muka daɗe da saninsa, wato wasan barkwanci. Bahaushe ya san wasan taubasai, masu karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Ya san wasan jika da kaka, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi. A irin wannan wasa ana zagi, ana zolaya, har ƙwace ana yi, amma akwai doka guda wadda ba a rubuce take ba: ba a fushi, ba a kuma yin illa ta gaske. Haka Tom yake. A murƙushe shi da guduma, a yanka shi gunduwa-gunduwa, kafin ƙiftawa da bismilla ya miƙe garau ya ci gaba da farauta. Wannan tabbacin cewa ba wanda zai mutu shi ne ya halatta wa ɗan kallo dariya.

Abin da Ke Cikin Kashin da Ake Musu a Kai

Sunan kashin Blue Cat Blues, ya fito a watan Nuwamba na 1956, shi ne na 103 a jerin. Yana buɗewa ne da Tom zaune a kan dogo, ido jawur, Jerry yana hangensa daga kan gada yana ba da labarin yadda aka yi. A nan su biyun aminai ne. Wata farar kyanwa ta gifta, Tom ya susuce a kanta. Sai ga wani baƙin muzuru mai kuɗi, Butch, ya shigo neman. Tom ya kai fure, ya tarar na abokin takara ya ninka nasa. Ya kai ɗan kwalbar turare, wancan ya aiko da tanka guda. Ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi zobe mai ɗan dutsen da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, ita kuwa ta nuna masa wanda ƙyallinsa ke kashe ido. Daga ƙarshe ya sa hannu a takardar bashi, har da jinginar da hannu da ƙafa, ya sayi wata akwalar mota, motar Butch ta bi ta kanta ta wuce. Aka ɗaura aure da mai kuɗi. Jerry yana cikin yabon amanar tasa budurwar sai ga ta ta wuce a motar amarci da wani ɓeran. Ya sauko, Tom ya matsa masa wuri, suka zauna tare. Aka ji kukan jirgi yana matsowa, fim ya ƙare. Ba a nuna jirgin ya taka su ba.

Dalilin Ɓacin Ran 'Yan Kallo

Duk wanda ya karanta bayanin nan na sama ya san ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Saurayi talaka ya daɗe yana neman yarinya, ya sayar da akuya da ɗan amfanin gona don kayan toshi da lefe, rana tsaka wani mai hannu da shuni ya zo da mota ya ɗauke ta. Littattafan soyayya na Kano da suka yi tashe tun daga tsakiyar shekarun 1980 cike suke da wannan jigo. Samarin da na tarar a shagon nan, da yawansu suna tara kuɗin aure ne da acaba ko ƙwadago, saboda haka kansu suka gani a jikin Tom. Shi ya sa musun ya yi zafi haka.

To, amma a tatsuniya ma ai Gizo kan yi asara, yakan sha duka, yakan ji kunya, ba wanda ya taɓa yin fushi. Bambancin shi ne tatsuniya tana da ƙofar fita. In an gama sai a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, a ƙara da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya, kowa ya san wasa aka yi, a tashi a kwanta. Wannan kashi bai bar wa ɗan kallo irin wannan ƙofa ba. Ciwon Tom bai warke a hoto na gaba ba kamar yadda aka saba. Bugu da ƙari, abin da aka nuna suna shirin yi babban haramun ne a addininmu, abin da ba a ko son ambatonsa a gaban yara. Abin da dattijon nan tela yake nufi ke nan. An gayyaci mutane wasan taubasai, sai ɗaya ya zaro wuƙa ta gaske.

Wannan ɓacin rai bai tsaya a kanmu kaɗai ba. A ƙasashe da dama masu son wasan sun daɗe suna lissafa wannan kashi a matsayin mafi baƙin ciki a jerin, kuma daga cikinsu ne jita-jitar nan ta taso ta bazu a intanet, har ta iso Ajingi.

Gaskiyar Tarihi

Shin shi ne na ƙarshe? A'a. Lissafi kaɗai ya isa hujja. In shi ne na 103 daga cikin 114, ashe Hanna da Barbera sun ƙara 11 a bayansa, na ƙarshensu shi ne Tot Watchers na 1958, inda kyanwa da ɓera ke ta fama da renon jariri, lafiyarsu lau. Abin da ya tsayar da aikin shi ne MGM ta rufe sashenta na zane a 1957. Bayan haka Gene Deitch ya yi 13 a ƙasar Cekoslobakiya a 1961 da 1962, Chuck Jones kuma ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967, jimla 161 ke nan. Har a 2021 an fitar da wani dogon fim nasu.

To, yaya aka yi ƙarya ta samu gindin zama haka? A nan ne za mu komo ga mai bayanin majigi. Wannan kashi ya saɓa wa 'yan'uwansa, domin cike yake da magana da Turanci, kuma a yanke yake zuwa waya, babu shekara, babu abin da ya biyo baya. Wanda ya turo shi da ɗan rubutu a ƙasa ya zama shi ne mai lasifika, abin da ya faɗa shi ne fim ɗin. Sai dai mai bayanin da, ana ganin fuskarsa, an san wanda ya aiko shi. Na yanzu kuwa ba wanda ya san shi. Ƙaryar kuma ta shiga da sauƙi ne saboda ta dace da abin da zuciya ta riga ta yanke, cewa wasan da aka zub da jini a cikinsa ya ƙare ke nan.

Kammalawa

Darasi biyu nake gani a nan, 'yan'uwa ɗalibai. Na farko, ɗan kallon ƙauye ba jahilin kallo ba ne. Yana da ma'auni da ya gada daga tatsuniya da wasan barkwanci, ya san inda dariya take tsayawa. Abin da ya rasa shi ne mai faɗa masa shekara da asalin abin da yake gani, wannan kuwa aikinmu ne mu da muka zo jami'a.

Na biyu, mun daɗe muna aron dariya. A Nijar, Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa ya kuma rasu a 2015, tun 1966 ya zana Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ya kuma yi wani a kan kokawa. Da ɗan abin hannunsa ya yi su. Ga Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami suna nan zube, kakannin da suka san su kuwa kullum raguwa suke yi. Ina roƙon wannan ƙungiya tamu ta sa kowane ɗalibi ya komo daga hutu da tatsuniya biyar a rubuce daga bakin tsofaffin garinsu, a tara su, a nemi masu zane a cikinmu su gwada. Ni dai na fara da uku daga wurin kakata a Ajingi. Allah ya sa mu dace, amin.