Na'urar Sassauta Ƙugin Kunne

Ƙugin kunne, wato tinitus, shi ne jin ƙara a kunne alhali babu abin da ke yin ta. A shekarun 1970 Jack Vernon na jihar Oregon ta Amurka ya samar da na'urar da ke lulluɓe ƙugin da sauti mai taushi. Irin ta zamani kan ɗauki sauti ta makirufo, ta mayar da shi lambobi, ta daidaita shi bisa gwajin jin mai ita. Sassauci take bayarwa, ba waraka ba. Ga wanda hayaniyar yau da kullum ke yi wa zafi a kunne, yawan dakushe sauti kan tsananta larurar, don haka ƙwararren likitan ji ya kamata ya saita ta.