Yadda tazarar haihuwa ta shigo ƙasar Jega

Tun kafin asibiti ya zo ƙasar Gwandu, matan Alelu da sauran garuruwan Jega, Aliero da Maiyama suna da tasu dabarar hutawa tsakanin haihuwa da haihuwa. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego, ta daɗe ba ta koma ɗakinta ba. Shayarwa kan kai shekara biyu kamar yadda addini ya kwaɗaitar, kuma wadda ta yi kwanika, wato ta samu ciki da goyo a baya, sai ta sha gori wajen tsofaffi. Wasu kuma su nemi guru ko rubutu.

Abin da ya zo daga baya shi ne hannun hukuma. A 1964 aka kafa ƙungiyar tsara iyali ta farko ta ƙasa a Legas, amma muryarta ba ta iso nan ba. Sai a 1988 gwamnatin Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, ta fito da manufar yawan jama'a mai cewa kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Lokacin Kebbi tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ba a yanke ta ba sai 1991. Talakan da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya riga ya gasa wa aya a hannu ya ji ana neman ƙayyade masa iyali, ya ce bai san zancen ba. Malamai suka soki abin a wa'azi. Gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996, da jita-jitar 2003 cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa, suka ƙara wa wutar fetur.

Da ma'aikatan lafiya suka ga haka, sai suka bar maganar adadi suka koma ga abin da kakanni suka sani, tazara saboda lafiyar uwa da ɗa. A nan ne malamai da dama suka sassauta, muddin da yardar miji. A 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazara kyauta a asibitocin gwamnati, a 2014 kuma ta ba ƙananan jami'an lafiya na karkara damar sa ashanar hannu ta tazara, irin jami'an da kwalejin lafiya ta Jega ke yayewa.

Duk da haka sauyin tafiyar hawainiya yake yi. Binciken lafiya na 2018 ya nuna macen Najeriya na haihuwar 5.3 a matsakaici, ta Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Dalilin yana cikin binciken kansa: a lokacin, a Kebbi yara 252 cikin dubu ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, mafi muni a ƙasar. Uwar da ta binne biyu ba za ta saurari mai cewa ta dakata ba. Ga auren wuri, ga gasar kishiyoyi saboda gado, ga gonar albasa mai neman hannuwa.

A ganina, maganin yana wajen ilimin mata da lafiyar yara. Ƙasar da jajin Nana Asma'u, wato malamanta mata, suka karantar da matanta ba ta da hujjar barin 'ya mace talla a kasuwar Jega. Masu mulkin Birnin Kebbi su fara da makarantar 'yan mata da asibitin yara.