Issaka Daboré, ɗan damben da ya fara ciyo wa Nijar lamba

A Madawa ko Buza ko Keita, in hira ta gangaro kan mazan fagen wasa, sunayen 'yan kokowa ne ke cika baki. Da wuya ka ji an ambaci Issaka Daboré, alhali shi ne ɗan Nijar na farko da ya taka dandalin gasar Olamfik, kuma shi ya fara dawowa gida da lamba a wuya.

An haife shi a 1940. A 1964, shekara huɗu kacal bayan samun mulkin kai, ya tafi Tokiyo ta ƙasar Japan, shi kaɗai ne ɗan wasan da Nijar ta tura. Damben Turawa yake yi, na safar hannu biyu, ba irin namu na ɗaure hannu guda da zare ba. Ya kai zagayen 'yan takwas, aka tare shi a nan, saura nasara ɗaya ya samu lamba. Ya sake gwadawa a Meziko a 1968, bai dace ba.

Da wani ne, da ya rataye safar ya kama wata sana'a. Shi kuwa ya nufi Munik ta Jamus a 1972 a ajin kilo 63.5, yana da shekara 32, shekarun da a dambe ake fara kiran mutum tsoho. Gasar ce wadda harin da aka kai wa 'yan wasan Isra'ila ya rufe labarinta. Daboré ya yi ta ture abokan karawa har ya kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Angel Angelov na Bulgeriya ya yi galaba a kansa. A ƙa'idar damben Olamfik, duk wanda ya faɗi a wannan mataki tagulla yake samu, don haka ya raba matsayi na uku da Zvonimir Vujin na Yugoslabiya. Zinariya ta tafi hannun Ray Seales na Amurka.

A ganina, a nan aka yi sake. Nijar ta ƙaurace wa gasar 1976 da ta 1980, samarin da ya kamata su bi sawunsa suka rasa fage. Hankalin hukuma kuma ya koma kan kokowar gargajiya, wadda aka buɗe gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché. Kokowa ta samu filaye da takobi da makaɗa, dambe ya zauna a inuwa.

Sai bayan shekara 44 aka samu na biyunsa, lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a wasan tekwando a Riyo ta Brazil a 2016. Daboré yana raye ya ga wannan rana, kafin Allah ya yi masa rasuwa a watan Disamban 2021.